Gwarzon ɗalibin shekarar farko a ƙwallon kwando: 'yan jarida ne suka fara wannan kyauta, ku ma ku fara mana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin wasanni ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma mafi yawan shekarun aikina a filin ƙwallon kwando na yi su. Zan fara da labarin wata kyauta da ake bayarwa a Amurka, amma gida na dosa, kuma ranka ya daɗe, kai da abokan aikinka marubuta labarin wasanni nake son in ɗora wa kayan.

Duk shekara, idan kakar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta zo gangara, wajen Maris zuwa Afrilu, akan zaɓi yaro ɗaya daga cikin waɗanda ke shekararsu ta farko a jami'a, a ce a bana shi ne ya fi duk sababbin shiga a faɗin ƙasar. Jami'o'in da ke babban rukuni sun haura 350, saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a tsamo mutum ɗaya. Masu ba da irin wannan kyauta suna da dama, akwai mujallu da kafofin labarai da ƙungiyar kociyoyi, amma wadda aka fi ji da ita ita ce ta ƙungiyar marubuta labarin ƙwallon kwando ta Amurka, USBWA, wadda aka kafa a 1956. Ina son a lura da wannan da kyau: ba gwamnati ce ta ƙirƙiro kyautar ba, ba kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ce. 'Yan jarida ne, masu zama a gefen fili da alƙalami, suka ga ya dace a riƙa ambaton sunan sabon yaro.

A 1989 suka fara. Wanda ya fara ci shi ne Chris Jackson na jami'ar LSU da ke jihar Louisiana, ɗan gajere a cikin dogaye, wanda ya riƙa zura maki 30.2 a kowane wasa idan aka yi lissafi, adadin da har yau ake ambato idan ana maganar 'yan shekarar farko. Masu karatu da yawa za su fi sanin sa da sunan da ya ɗauka bayan ya musulunta, Mahmoud Abdul-Rauf, wanda ya buga wa Denver Nuggets.

Abin da wasu ba su sani ba, a da ma ba a barin ɗan shekarar farko ya shiga babbar ƙungiyar jami'a. Sai a 1972 NCAA ta buɗe musu ƙofa a ƙwallon kwando. Kafin nan, sabon ɗalibi yana da tasa ƙungiyar ta sababbi, a bar shi ya saba da aji da ɗakin kwana da zaman nesa da gida. Har Kareem Abdul-Jabbar, lokacin yana Lew Alcindor, haka ya yi shekararsa ta farko a UCLA. A watan Nuwamban 1965 aka haɗa ƙungiyar sababbin da babbar ƙungiyar jami'ar, wadda ita ce ke riƙe da kambun ƙasa, sai ga sababbin sun lallasa yayyensu da ci 75 da 60, Alcindor shi kaɗai ya ci maki 31. Duk da haka dokar ba ta sassauta masa ba, sai da ya jira shekara ta zagayo. Ni a ganina tsohuwar dokar nan tana da hikimarta, kuma zan dawo kanta.

Bayan an buɗe ƙofa ne aka samu Wayman Tisdale na jami'ar Oklahoma. A 1983 ya zama ɗan shekarar farko na farko, tun sauya dokar, da kamfanin dillancin labarai na AP ya sa a jerin fitattun 'yan wasa biyar na ƙasar. Ya ciyo zinare da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, ya yi shekara 12 a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, tsakanin Indiana da Sacramento da Phoenix, sannan ya ajiye ƙwallo ya rungumi kiɗa, ya kuma yi suna a can ma. Ciwon daji ya kama shi a ƙafa, aka yanke ta a 2008, ya rasu a watan Mayun 2009 yana da shekara 44. A 2010 marubutan suka sa wa kyautar sunansa. Wannan ma darasi ne: da kyauta ɗaya suna ɗaga na baya, suna kuma hana a manta da na gaba.

Idan mutum ya bi jerin waɗanda suka ci, zai ga kusan tarihin NBA na shekara talatin ɗin nan ne a jere. Chris Webber a 1992, Jason Kidd a 1993. Carmelo Anthony a 2003, shekarar da ya ja Syracuse har ta ɗauki kofin ƙasa yana sabon shiga. Kevin Durant a 2007, da maki 25.8 a kowane wasa, kuma shi ne ɗan shekarar farko na farko da aka ba kyautar Naismith ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i baki ɗaya, manya da yara. Bayansa Anthony Davis ya maimaita hakan a 2012 tare da ɗaukar kofi da Kentucky, sai Zion Williamson a 2019, sai Cooper Flagg a 2025. Trae Young kuwa a 2018 shi ne kan gaba a ƙasar a yawan maki da kuma yawan miƙa wa abokan wasa ƙwallon da suka ci, abin da ba a taɓa haɗawa ba kafin shi. Dalilin da ya sa kyautar ta ƙara nauyi daga 2006 shi ne dokar NBA da ta ce ba za a ɗauki yaro ba sai ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara guda da barin sakandare. Tun daga lokacin manyan yara suka riƙa biyowa ta jami'a, su yi shekara ɗaya, su wuce.

Mu ma muna da namu a ciki. Luol Deng, wanda aka haifa a garin Wau na Sudan ta Kudu ta yanzu, yaƙi ya kori iyayensa zuwa Masar sannan Landan, shi ya ci a 2004 yana Duke. Yau shi ne shugaban hukumar ƙwallon kwando ta ƙasarsu, kuma a hannunsa Sudan ta Kudu ta je Olamfik ta 2024 a Paris. Jahlil Okafor, ɗan asalin ƙasar Ibo ta wajen uba, ya ci a 2015, ya ɗauki kofi da Duke a wannan shekarar, daga baya ya sa rigar D'Tigers, tawagar maza ta Najeriya, a Olamfik ta Tokyo. Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, a kakar 2019 zuwa 2020 a jami'ar Memphis ya haɗa kyauta biyu a rukunin jami'o'insu (wato jami'o'in da aka haɗa su a gasa ɗaya), gwarzon sababbi da gwarzon kowa da kowa, Miami Heat ta ɗauke shi a lamba ta 20 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. Al-Farouq Aminu, wanda ke cikin tawagar da ta ciyo mana kofin Afirka a Tunisiya a 2015, an sa shi a jerin fitattun sababbi na rukuninsu lokacin yana Wake Forest.

Maganar rukuni ɗin nan ita ce zuciyar abin, kuma a kanta nake son in tsaya. Kyautar ƙasa mutum ɗaya take zuwa wa, amma a ƙarƙashinta kowane rukunin jami'o'i, babba da ƙarami, yana da nasa gwarzon sababbi na shekara, da jerin fitattun sababbi, da yawa kuma har da gwarzon sababbi na mako. Pascal Siakam ɗan Kamaru ba a babbar jami'a ya yi ba, New Mexico State ce, amma rukuninsu ya zaɓe shi gwarzon sababbi a 2015, ya zama gwarzon rukunin gaba ɗaya a 2016, Toronto ta ɗauke shi, ya ɗaga kofin NBA a 2019. Stephen Curry manyan jami'o'i sun ƙi shi don sun raina jikinsa, ya tafi ƙaramar kwalejin Davidson. A shekarar da Durant ya kwashe komai, Curry ne na biyu a yawan maki cikin sababbi, kuma rukuninsa ya ba shi tasa kyautar. Da babu mai rubuta makinsa a wancan ƙaramin zauren, wa zai san da shi?

Duk waɗannan kyaututtuka a kan takarda suka tsaya. A kowane wasa akwai mutane a teburi suna rubuta wa ya jefa, sau nawa ya jefa, nawa suka shiga, wa ya cafke ƙwallon da ta dawo daga allo, wa ya yi sakaci aka ƙwace, minti nawa kowa ya yi a fili. Washegari ɗan jarida ya buga. Idan lokacin zaɓe ya zo, ba a cewa wai an ce yaron nan ya iya, lissafi ake buɗewa a yi gardama a kansa. Wannan shi ne abin da ba mu da shi, kuma ba kuɗi ne ya hana mu ba.

Bari in faɗi yadda abin yake a wajenmu. Yaro yakan taso a sakandare yana wasa, akwai gasar makarantu ta jiha, akwai gasar Milo ta makarantun sakandare da aka shafe fiye da shekara ashirin ana yi, wadda ta fito da yara masu yawa. A wannan matakin yana da malami a kansa, yana da abin da yake hange. Ranar da ya samu gurbin jami'a, ranar ce ake fara rasa shi. Gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan tun 1966, ba duk shekara ake yin ta ba, kuma idan ta zo 'yan kwanaki ne a watse. An yi ta a Jami'ar Legas a 2022, aka ba Jami'ar Jos baƙuncin ta gaba, mun yi murna ƙwarai, amma gasar kwana goma ba ta raya ɗan wasa tsawon shekara huɗu. Ga yajin aiki, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas cur. Sannan idan an tashi zaɓen tawaga, manya ne ke cika ta, ɗan aji ɗaya aikinsa ɗauko ƙwallo da ruwa. Ba wanda ya ce masa kai ma ana ganin ka.

Akwai wani yaro da na koyar, ɗan Gangare, dogo siriri, hannunsa na hagu ya fi na dama, yana da nutsuwar da ban cika gani a yaro mai shekara goma sha bakwai ba. Takalminsa ma sai mun zagaya 'yan gwanjo a Katako kafin a samu lambar da za ta shige shi. Mahaifinsa bai taɓa hana shi wasa ba, sharaɗinsa ɗaya ne, kada magariba ta same shi a fili. Ya ci jarrabawa, ya samu wata jami'a a nan arewa, muka raka shi tasha da addu'a. Da ya dawo hutun farko na tambaye shi wasa nawa ya buga, ya ce: "Malam, ko ɗaya. Muna dai taruwa da yamma mu yi tsakaninmu, ba wanda ke zuwa kallo, ba wanda ke rubutawa." A hutu na biyu ya ce mini ya daina zuwa. Alhamdu lillahi ya gama karatunsa, yana neman na kansa, ban ce ya lalace ba. Amma ƙwallon kwando ta yi asarar sa a shekarar nan ta farko, kuma irinsa suna da yawa a Unguwar Rogo da Nasarawa da Tudun Wada da Bukuru. Abin yana ƙara yi mini ciwo domin a garin nan, tun bayan rikicin da ya same mu a 2001, filin wasa na cikin 'yan wuraren da ɗan wannan unguwa da ɗan waccan ke haɗa kafaɗa ba tare da an tambayi sunan kowa ba.

Kada a ce ba mu da asali a wannan wasa. Zariya ta daɗe tana fitar da 'yan wasa, a can Masai Ujiri ya tashi ya koyi ƙwallon kwando, shi ne kuma ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Muna da Plateau Peaks a nan Jos, ga Kano Pillars ta ƙwallon kwando, ga Gombe Bulls, ga Kada Stars, ga Bauchi Nets. D'Tigers sun doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki jami'o'in Amurka ne suka raine su. Mu muke haifa, wasu ke ƙirgawa su gane mai kyau.

To amma ba na son mu kwaso tsarin Amurka da ƙaiƙayinsa, domin yana da illa, kuma na yi shekaru ina kallo. Ta farko, kyautar tana bin inda kyamara take. Zuwa 2025 jami'ar Duke kaɗai ta ci ta sau shida. Yaranta sun iya, ba musu, amma wanda ake nunawa a talabijin kowane mako ya fi shiga idon mai zaɓe. Ta biyu, tsarin shekara ɗaya a wuce ya mai da karatun abin wasa. Ben Simmons ya ci kyautar a 2016, amma a wannan shekarar aka cire shi daga takarar kyautar Wooden ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i saboda sakamakon karatunsa bai kai ƙa'idar da suka gindaya ba, ƙungiyarsa ta LSU ma ba ta samu shiga gasar ƙasa ba. Yanzu kuma kuɗi ya shigo gadan-gadan: daga watan Yulin 2021 an halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa, a 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 a shekara ga kowace jami'a. Ba na baƙin ciki yaro ya ci guminsa. Amma yaro mai shekara 18 da aka ɗora wa suna da dukiya a dare ɗaya yana bukatar babba a kusa da shi. Eddie Griffin, wanda ya ci kyautar a 2001 yana Seton Hall, ya sha fama da rayuwarsa bayan ya shiga NBA, ya rasu a hatsarin mota a 2007 yana da shekara 25. Duk lokacin da na tuna da shi sai in tuna tsohuwar dokar nan ta kafin 1972, da ke ba yaro shekara guda ya san kansa.

Illa ta uku ita ce ta fi shafar mu. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a ƙwallon kwando ba kullum ba. Hakeem Olajuwon, wanda ya fi kowane ɗan Afirka a tarihin wannan wasa, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara taɓa ta a Legas, a da mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Ya isa jami'ar Houston a 1980, shekarar farko ko wasa ɗaya bai buga ba. A ta biyu yawanci daga benci yake shigowa, bai kai maki goma a wasa ba. A wannan kakar ce Michael Jordan ya zama gwarzon sababbi na rukunin jami'arsa, ya kuma jefa ƙwallon da ta ba North Carolina kofin 1982. Hakeem ya tafi hutu ya riƙa gogawa da Moses Malone a wani zauren wasa na Houston, ya dawo wani mutum daban. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen NBA, Jordan na uku. Haka Joel Embiid ɗan Kamaru, shi ma wajen shekara 15 ya fara, a 2014 Jabari Parker ne ya ci kyautar ba shi ba, amma shi ne gwarzon NBA na 2023. Yaranmu galibi irin su Hakeem ne, suna fara wasa a makare, ba fili mai kyau, ba koci tun suna ƙanana. Manomi ya san gero na riga dawa nuna, amma ba ya tuge dawarsa don ya ga gero ya fito da kai. Idan za mu yi kyauta, a yi ta yadda za ta ga irin waɗannan.

Ga abin da nake roƙo. Ku marubuta labarin wasanni kuna da ƙungiya, SWAN, da rassa a jihohi. Reshen Filato, ko wannan jarida da kanta, ta ce daga bana za ta riƙa zaɓen gwarzon ɗalibin shekarar farko a ƙwallon kwando daga manyan makarantun wannan yanki. Ba sai an jira Abuja ba, ba sai an jira hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ba, wadda rikicin shugabancinta tun daga 2017 ya cinye mana shekaru. Makarantun suna kusa da juna: Jami'ar Jos, Jami'ar Jihar Filato a Bokkos, kwalejin kimiyya da fasaha ta Barkin Ladi, babbar makarantar ilimi ta Pankshin, ATBU a Bauchi tafiyar awa biyu, ga Keffi, ga Abuja, ga Gombe, sannan ABU Zariya da BUK Kano ga mai ɗan ƙarfi. Daraktocin wasanninsu sun san juna. Abin da ya rage shi ne dalilin da zai sa su haɗa wasan sada zumunta a ƙarshen mako, kuma idan suka san sunan makarantarsu zai fito a jarida, dalilin ya samu.

Rubuta sakamakon wasa ba ya bukatar na'ura. Takarda ce da biro da mutum biyu masu lura, kuma kowace jami'a tana da ɗaliban aikin jarida da na ƙididdiga da ke neman abin da za su gwada hannunsu a kai. A gama wasa, alƙalin wasa da kociyoyin biyu su sa hannu, a ɗauki hoton takardar a turo ta WhatsApp. Ku kuma ku ware ɗan lungu a shafin wasanni, ko layi goma ne, a ga sunan yaro da makarantarsa da abin da ya yi a makon. Shafin nan a cike yake da labarin Firimiyar Ingila da La Liga, ni ma ina karantawa, amma waɗancan suna da dubban masu rubuta su. Ɗan aji ɗaya a harabar Jami'ar Jos ta Naraguta ba shi da kowa sai ku.

A gindaya sharuɗɗa tun farko. Dole ya zama ɗalibi na gaskiya, mai lambar rajista ta wannan shekarar, domin kowa ya san yadda ake shigo da sojan haya a wasannin makarantu. A nan ma kyautar 'yan shekarar farko tana da wata fa'ida: shekarun haihuwa ana iya rage su a takarda, amma shekarar da mutum ya shiga jami'a tana rubuce a ofishin rajista. Dole kuma ya ci jarrabawarsa, wanda ya faɗi darussa a bar shi ya gyara tukuna. Kada a tsaya a kan mutum ɗaya, a fitar da biyar, a kuma ware wata daban ga wanda ya fi kowa ci gaba tsakanin farkon kaka da ƙarshenta, don saboda masu fara wasa a makare. Kada a duba yawan maki kawai, a duba mai tsaro, da mai raba ƙwallo, da halin yaro a fili idan alƙali ya hura masa abin da bai so ba. Masu zaɓe su zama waɗanda suka je suka gani da idonsu, a kuma buga sunayensu da wanda kowa ya zaɓa, don kada a ce an yi son kai na addini ko ƙabila, wanda a Filato mun san yadda irin wannan zargi ke rusa abu mai kyau.

Kyautar kanta ba sai ta yi tsada ba. A biya wa yaro kuɗin makarantar shekara mai zuwa, a saya masa takalmi mai kyau, a ba shi takardar shaida a gaban iyayensa. Akwai 'yan kasuwa a Terminus da Dilimi da za su ɗauki wannan ba tare da sun ji a jikinsu ba, idan suka tabbata abin na gaskiya ne. Takardar shaidar nan da lissafin da ke bayanta suna da wani amfani kuma. Yau masu neman 'yan wasa suna yawo a Afirka, akwai makarantar NBA ta Afirka, wadda a garin Saly na Senegal ta fito da Khaman Maluach, ɗan gudun hijirar Sudan ta Kudu da ya tashi a Uganda, ya buga wa Duke tare da Flagg, aka ɗauke shi na goma a 2025. Akwai gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka fara a 2021. Yaron da ke da rubutaccen tarihin wasanninsa zai tsaya gaban waɗannan da hujja, ba zai faɗa hannun dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin kai yaro waje su bar shi a tasha ba. Kuma a sa sunan wani tsohon ɗan wasa ko koci na wannan yanki a kan kyautar, kamar yadda suka yi wa Tisdale, dattawan wasan suna nan da ransu, a tambaye su wa ya cancanta.

Na yi maganar maza ne domin su na fi koyarwa, amma duk abin da na faɗa ya hau kan mata. Marubutan Amurka suna da irin wannan kyauta ta mata mai sunan Tamika Catchings, mu kuwa D'Tigress, tawagarmu ta mata, sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kai zagayen 'yan takwas a Olamfik ta Paris. A yi biyun tare tun ranar farko.

Edita, ni da wasu abokan aikina malaman wasanni da alƙalan wasa a nan Jos a shirye muke mu koya wa ɗalibai yadda ake cika takardar sakamako, kyauta, mu kuma zauna a teburi a wasannin da ke kusa da mu. Adireshina da lambata suna wajenku tare da wannan wasiƙa. Idan editan shafin wasanni ya amince, ya sanar da mu ranar da ya fi son sakamako ya riƙa iso masa a kowane mako, mu kuma mu fara tuntuɓar daraktocin wasanni na makarantun kafin sababbin ɗalibai su gama rajista.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Malamin wasanni,
Unguwar Rogo, Jos.